Yadda Preben Ya Cika Rumbu da Fayil Ɗaya

Ranar Litinin da safe Preben Thygesen ya shigo ofis, ko hular kekensa bai cire ba, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya sanar da mu cewa kafin Juma'a zai yi wa rumbun ajiyar bayananmu na kwamfuta gwajin da ba a taɓa yin irinsa ba a duk faɗin Aalborg.

"A Aalborg kawai?" in ji Torkild, tsohon ma'aikacinmu mai kula da injuna, bai ko ɗago kai daga kofinsa ba.

"Da gida ake farawa, dattijo."

Preben mijin yayata Dorte ne, kuma ni da ƙafata na kawo shi, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da kaso a ciki. Shekararsa hamsin da bakwai. Ya yi shekara ashirin a wani babban kamfani a Kopenhagen, aka zo rage ma'aikata aka haɗa da shi, ya zauna a gida wata goma sha huɗu yana koya wa Dorte yadda ake jera kwanuka. Ranar da ta kira ni ta ce ko dai in samo masa aiki ko in samo mata ɗaki, sai na je na roƙi Vibeke, mai kamfaninmu. Vibeke ta ce wata uku na gwaji kamar kowa, in ya yi ya zauna, in bai yi ba kada in zo mata da fuskar tausayi. Wata ukun nan ranar Juma'a zai cika. A ranar kuma Bodil Ravnholt, shugabar gidan adana tsofaffin hotuna na wata ƙaramar hukuma da ke arewa da mu, za ta zo ta ga rumbun da muka haɗa mata kafin ta sa hannu. Preben ya lissafa ya ga babu ranar da ta fi wannan dacewa ya nuna wa duniya ko shi wane ne.

Ya ja mu gaban allo, ya ɗauki alƙalami ja.

"Abu ne mai sauƙi, shi ya sa ba wanda ya yi tunaninsa. Ka ɗauki fayil ɗaya mai gigabait ɗari. Ka rubuta sabon abu a kansa, daidai girmansa. Wurin da ya ci a faifai dole ya tsaya ɗari. Ka sake, ɗari. Ka yi sau dubu, ɗari. In ma'auni ya faɗi wata lamba daban, to ƙarya yake yi, ni kuma na kama shi."

Da ya ce ma'auni sai ya kalle ni, don ni na rubuta shi. Wata 'yar manhaja ce da ke bin fayil-fayil ɗaya bayan ɗaya tana tara wurin da kowanne ya ci, ta nuna a babban allon bango: kore in akwai wuri, ja in an kusa cika. Shekara huɗu tana aiki ba wanda ya taɓa kawo ƙararta.

"Ba da ke nake ba, ƙanwata," in ji shi. "Kuskure ba abin kunya ba ne. Ni ma na taɓa yin ɗaya."

A gaskiya gwajin ba na banza ba ne, ya kamata a ce mun yi shi tun tuni. Mai yinsa ne abin tsoro. Torkild ya ba shi ƙaramin injin gwaji da ke ƙarƙashin teburin kusa da taga, muka koma bakin aikinmu.

Ƙarfe sha ɗaya muka ji an buga tebur.

"Ku zo ku gani. Vibeke, ki taho da kujera, don za ki buƙaci zama."

Vibeke ta zo ba kujera. Preben ya nuna mana allonsa. Ya rubuta a kan fayil ɗin sau hamsin, ma'auni kuma yana cewa fayil ɗin bai ci komai ba.

"Gigabait ɗari, amma ko ɗaya bai ci ba. Ɗayan biyu ne. Ko dai ma'aunin Majbritt ya mutu, ko kuma na gano hanyar ajiye duniya a aljihun riga. Ba don ina gabana ba, na fi zaton na biyun."

Torkild ya leƙo ta saman tabarau. "Da me ka cika fayil ɗin?"

"Da sifili."

"Zalla?"

"Zalla. Ba gauraye."

"Preben, injin nan matse abin da aka ba shi yake yi. In ka ba shi sifili biliyan ɗari, layi ɗaya zai rubuta: sifili, biliyan ɗari. Ko ni ka aika da wannan saƙon ba zan ɗauki jaka ba."

Preben ya gyara zama ya ce dama abin da yake so ya tabbatar ke nan, kuma ya ji daɗi da ya ga akwai mutum ɗaya a ofishin da ke biye da shi.

Da rana ya dawo daga gidan burodi da kek ɗin kwaɓa, wanda duk mai tafka shirme a wurin aiki yake saye wa kowa ba sai an tuna masa ba. Mai kwakwa ya sayo, babba. Sai dai shi da ya ajiye a tebur cewa ya yi na murnar kammala kashi na farko ne. Muka ci muka taya shi murna.

Talata ya wuni yana cika fayil ɗin da tarkacen lambobi waɗanda ba sa matsuwa, yana yi yana ba mu labarin yadda ya taɓa ceto wani banki da waya ɗaya daga bakin teku. A makon farko da ya ba mu labarin nan kamfanin inshora ne.

Laraba kuwa ya ƙara wayo. Ban da ma'aunina, sai ya riƙa tambayar faifan kansa wuri nawa ya rage masa, yana gwama lambobin biyu. Ana tsakiyar rubutu ya duba, ma'auni ya ce ɗari, faifai ya ce an ci ɗari da sittin da wani abu. Maimakon ya juyo ya tambayi Torkild, wanda ke zaune taku uku daga gare shi, sai ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa zauren intanet na masu haɗa wannan tsarin ajiya, inda mutum dubu da ɗoriya daga ƙasashe daban-daban suke karanta duk abin da aka aika. Ya sa mata take da manyan baƙaƙe, wai tsarinsu yana satar wuri. Ya sa sunan kamfaninmu a ƙasa, da lambar wayar Vibeke.

Sai da ya aika sannan ya tashi ya karanta mana, yana kaiwa yana komowa.

"Shafi nawa ne?" na tambaye shi.

"Huɗu. Na taƙaita, don ba kowa ne zai iya bin zurfin abin ba."

Kafin ya kai ƙarshen shafi na biyu amsa ta shigo daga wani bawan Allah a can wata ƙasa. Layi ɗaya ne: ka jira daƙiƙa goma ka sake dubawa.

Muka taru a bayansa muka jira daƙiƙa goma. Lambar ta sauko ɗari cif.

"Sabon yake fara rubutawa a wani wuri, sannan ya saki tsohon," in ji Torkild. "Don in wuta ta ɗauke a tsakiya kada ka rasa duka biyun. Kai in za ka sauya gida, tsohon kake fara rushewa?"

"Ya danganta da gidan."

"Majbritt, gidan yayarki haya ne ko nasu ne?"

"Nasu ne."

"To ki ce mata ta sa ido."

Wayar Vibeke ta yi ƙara sau biyu a yammacin nan, duka mutanen kirki ne masu son su bayyana mata maganar daƙiƙa goma. Kek na biyu mai kirfa ne. Vibeke ta yanki nata ta tsaya kusa da ni tana ci, ta ce a hankali, "Saura kwana biyu, Majbritt." Ban ji daɗin kek ɗin ba ko kaɗan.

Wani zai ɗauka mutum ya koyi jira daga wannan. Darasin da Preben ya ɗauka dabam ne. Ya yanke hukunci cewa lambar da faifai ke bayarwa ba abin yarda ba ce, tunda tana hawa tana sauka, don haka ya cire ta daga gwajinsa gaba ɗaya. Daga yanzu ma'aunina kaɗai zai riƙa kallo. Har ya zo ya gaya mini haka a matsayin yabo, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku Torkild ya tafi ɗauko jikarsa daga makarantar reno. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Preben ya jawo kujera kusa da ni.

"Ƙanwata."

"A'a."

"Ba ki ji me zan ce ba."

"In ka ce ƙanwata da wannan muryar, amsar a'a ce."

"Injin gwajin nan na yara ne. Gobe baƙuwa za ta zo, me zan nuna mata a kan abin da ke ƙarƙashin tebur? Ki ba ni izinin shiga rumbunta. Fayil ɗaya tak zan saka."

"Sau nawa za ka rubuta a kansa?"

"Ɗaya, biyu. Abin da ba a rasa ba."

"Ka jira Torkild."

"Torkild ba ya so in haska, ke ma kin sani." Ya yi ƙasa da murya. "Majbritt, gobe ne fa. Dorte ta riga ta gaya wa maƙwabta na koma aiki."

Nan ya same ni. Na ba shi izinin, na ɗauki rigar ruwata na tafi kafin sama ta sauko.

Akwai abin da Preben bai sani ba, ni kuma na sani na manta. Gidan adana tarihi ba ya zubar da komai, don haka Bodil ta sa sharaɗi cewa duk minti biyar rumbun ya adana kwafin yadda kayan cikinsa suke, ya kulle kwafin na kwana talatin, ba mai iya taɓa shi ko da mu ne. In ba a canza komai ba, kwafin ba ya cin wuri. Amma in ka rubuta sabon abu a kan fayil, tsohon ba ya tafiya, yana nan a kulle. Injin gwaji ba shi da wannan tsarin. A rumbun Bodil kuwa Torkild ya kunna shi da tsakar ranar nan, ya rubuta a 'yar takarda rawaya ya manna a jikin injin. Daga baya muka tsinci takardar a ƙarƙashin kofin Preben, ya yi matashin kofi da ita.

Rumbun yana ɗaukar fayil irin na Preben guda ɗari biyu. Preben ya saita nasa ya yi ta rubutu a kan kansa ba tsayawa, ya sa masa abin ƙirge, ya hau kekensa ya tafi gida ya ce wa Dorte ta goge masa farar riga.

Juma'a da safe aka jera burodin Juma'a da man shanu da cuku a ɗakin taro. Bodil ta iso ƙarfe goma daidai daga tashar jirgin ƙasa, 'yar gajeriyar dattijuwa mai furfura, rigar ruwanta na ɗiga. Ta gaisa da kowa da hannu, ta zauna, ta fito da ɗan filas na kwamfuta, mai ajiye hotuna, daga jakarta ta ajiye a gabanta. Ta ce hoton farko da take so ya shiga rumbun yana ciki, na matan da ke gyaran kifi a garinsu a 1931, kuma kakarta tana cikinsu.

Vibeke ta miƙe za ta fara bayani, sai ga Preben a gaban allo da farar riga har da laƙataye ɗaure a wuya. A ofishinmu in ka ga mutum da laƙataye, to daga jana'iza yake.

"Kafin mu shiga ƙananan abubuwa," in ji shi, "bari in nuna wa baƙuwarmu abin da za ta kwana da shi cikin kwanciyar hankali."

"Preben," in ji Vibeke.

"Minti biyu, shugaba."

Ya kunna allon bango. Ga ma'aunina kore shar, yana cewa abin da aka ci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A gefensa ga abin ƙirgensa yana gudu, ya wuce dubu arba'in da ɗaya.

"Tun jiya ƙarfe uku nake rubutu a kan fayil ɗaya a cikin wannan rumbun naki. Sau dubu arba'in da ɗaya, kuma ko ƙwaya bai ƙaru ba. Ba a nan abin mamakin yake ba ma. Jiya sau ɗaya yake yi a minti biyu. Amma tun wajen takwas saura na safiyar nan, da injin ya saba da hannuna, sau biyar yake yi a daƙiƙa guda."

Torkild ya ajiye burodinsa. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ban taɓa ganin ya ajiye burodin Juma'a bai gama ba.

"A cikin wane rumbu ka ce?"

"Wannan. Na gaske."

"Wa ya ba ka izini?"

Na sa ido a kan cuku.

"Madalla," in ji Bodil, wadda ba ta san me ake ciki ba. "To bari in saka hotona."

Ta soka filas ɗin a kwamfutar da ke kan tebur, ta ja hoton ta saki a cikin rumbu. Wani ɗan akwati ya fito a allo, kowa na gani: babu wuri.

Ta sake. Babu wuri.

"Filas ɗinki ne," in ji Preben. "Na ƙauye haka suke."

"Makon jiya na saye shi a nan garinku."

"To hoton ne ya yi nauyi. Mata nawa ne a ciki?"

"Goma sha tara."

"Kin gani."

Bodil ta cire tabaranta ta dube shi da kyau, irin kallon da ake yi wa tsohuwar takarda don a gane ko ta jabu ce.

"Ba komai," in ji Preben. "Zan goge fayil ɗina, in ba kakarki wuri."

Ya danna gogewa. Injin ya ce babu wuri.

"Gogewa na ce, ba rubutu ba," ya faɗa wa allon.

"Gogewar ma sai ya rubuta cewa an goge," in ji Torkild, yana tasowa a hankali. "Ba shi da inda zai rubuta. Matsa in gani."

"Dakata, dattijo, na san wannan ciwon. A Kopenhagen mun sha ganinsa."

Kafin wani ya riƙe shi ya fice zuwa ɗakin injuna. Muka ji ƙarar fankoki ta mutu, allon bango ya yi baƙi. Ya kashe rumbun ya sake kunnawa. Ya dawo yana karkaɗe hannu, ya ce a ba shi minti uku. Vibeke ta cika minti ukun nan da tambayar Bodil yadda jirgin ƙasa ya kasance, Bodil ta ce lafiya lau, jirgin dai ya yi abin da aka ce zai yi.

Allo ya dawo. Abin da ya fara fitowa, tun kafin tambarin kamfaninmu, shi ne abin ƙirgen Preben, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Na saita shi ya riƙa tashi da kansa," in ji Preben, muryarsa ta ragu. "Don kada aiki ya tsaya."

Torkild ya zauna a gaban kwamfutar, ya kashe abin ƙirgen, ya buga layi ɗaya ya tambayi faifan kansa wuri nawa ya rage. Lambar ta fito a allon bango.

"Sifili, Preben. Na gaske wannan karon." Ya juya wajen Bodil, don ita ce ta cancanci bayani. "Duk minti biyar rumbun yana kulle tsohon fayil ɗinsa, kamar yadda kika ce a yi. Kwafi ɗari biyu suka cika shi, wajen takwas saura na safe. Daga nan duk rubutun da ya gwada ƙi yake yi nan take, abin ƙirgensa kuma ƙoƙari yake ƙirgawa, ba ya duba ko an yi nasara. Saurin da yake yabo ke nan. Sau dubu arba'in injin yana ce masa a'a, shi yana tafi."

"A buɗe kwafin a goge mana," in ji Preben.

"Kwana talatin. Ni na kulle, kuma na kulle da kyau. Sai dai in rushe komai in sake haɗawa, aikin mako guda."

Vibeke ta koma ta zauna.

Bodil ta nuna allon da ƙafar tabaranta. "To wancan koren fa? Har yanzu cewa yake akwai wuri."

Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi shi?"

Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Na ce ma'aunin fayil-fayil da ake gani yake ƙirgawa, bai san da tsofaffin kwafi ba, kuma ba ya tambayar faifai. Na shigo ɗakin nan da shirin jin kunyar mijin yayata, ban san akwai tawa a ajiye ba.

Bodil ta zare filas ɗinta ta mayar jaka.

"Ina da 'yan sa-kai goma sha huɗu," in ji ta, "duka tsofaffi masu fansho, su ke ɗaukar mini hotunan nan a na'ura. Ba sa taɓa gamsuwa. Akwai wani Aksel, hoton coci guda ya ɗauka sau tamanin a mako ɗaya, kullum a kan suna ɗaya, wai hasumiyar ta karkace. Hasumiyar kuwa a karkace take tun da aka gina ta. Kuna nufin da na kai wannan abin gida, da sun cika shi yana nuna mini kore?"

"Ba da wannan saurin ba," in ji Torkild. "Amma e."

"To ba zan sa hannu yau ba."

Ta fara ɓalla maɓallan rigar ruwanta. Na saci kallon Preben. Ya zauna a kujerar ƙarshe, laƙatayen ya karkace, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu. A wata ukun nan ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai lokacin. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, amma tausayinsa ya fi yawa, don na san da wuya wani ya sake kiran mai shekara hamsin da bakwai ya zo gwaji.

Bodil ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Zan dawo bayan wata guda. Ku gyara koren nan. Sannan wancan mai laƙatayen, yaya sunansa?"

"Preben Thygesen," in ji Vibeke, kamar mai karanta sunan cuta.

"Kafin ku kira ni, ku ba shi rumbun ya yi mako guda da shi, ya yi duk abin da ransa ya raya masa. Kansa irin na tsofaffina ne sak, ba ya karanta takarda, ba ya tambaya, kuma ya tabbata shi ke da gaskiya. In abin ya tsira daga hannunsa, zai tsira daga hannun Aksel. In bai bi ta hannunsa ba, ba na karɓa."

Ta ɗauki burodi guda don hanya ta tafi.

Vibeke ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta ce, "Preben, tun lokacin da ka ƙirga matan cikin hoton nan na gama rubuta takardar sallamarka a kaina. Yanzu ga shi an ɗaure mini hannu. Za ka zauna. Amma injinka daban, a ɗan ɗakin da ke bayan na'urar buga takarda, ba a haɗe da komai ba. Ba ka da izinin shiga ko'ina, kuma ba ka rubuta wa kowa wasiƙa sai na gani. Majbritt, ke kuma ina son sabon ma'auni ranar Laraba, kuma in kika sake ba shi izini ko na buɗe taga ne, tare za ku tafi."

"Ɗaki nawa ni kaɗai?" in ji Preben.

Torkild ya ɗauki burodinsa ya fita.

Da aka tashi na same shi a rumfar kekuna yana kiran Dorte, ya sa wayar a lasifika yadda ya saba, don kada wani mai wucewa ya rasa rabonsa.

"An tabbatar da ni," yake cewa. "Har da ofishi nawa na kaina. Baƙuwar ma cewa ta yi ba za ta karɓi komai ba sai ya bi ta hannuna. Da kanta ta tambayi sunana, a gaban kowa."

Na fizge wayar, don na ga rainin hankalin ya isa haka. Na buɗe baki zan ba ta labarin tun daga sifili, sai na ji numfashinta. Kuka take yi. Yayata da ko a jana'izar mahaifinmu sai da ta shiga mota sannan ta yi hawaye.

"Majbritt, ke ce? Da gaske ne? Sun bar shi?"

"Da gaske ne," na ce. "Duk abin da ya faɗa miki haka aka yi."

Na miƙa masa wayarsa. Ya yi ta fama da makullin kekensa, sai a karo na uku ya buɗu. Bai dube ni ba ya ce, "Da an kore ni, ban san da wace fuska zan shiga gidan nan ba."

Muka hau kekunanmu muka bi hanya cikin yayyafi. Kafin mu kai gada ya matso kusa da ni ya fara koya mini yadda ake rubuta ma'auni.